Malamin da Ya Kalli Hannuna

Ina aji ɗaya na ƙaramar sakandare aka raɗa mini suna Hawainiya, kuma malaminmu na lissafi ne ya raɗa. Ba mugu ba ne, gara in faɗi wannan tun yanzu. Saurayi ne da bai daɗe da gama karatu ba, mai son barkwanci, kullum aljihun rigarsa fari fat saboda alli. Ran nan ya cika allo da lissafi ya ce mu kwafa, ya koma bakin taga yana fifita da littafi, don lokacin zafi ne, irin zafin Maiduguri da ko inuwar dogon yaro ba ta yi masa magani. Da ya juyo, kowacce ta ajiye biro, saura ni. Ya jira. Ya ƙara jira. Sannan ya ɗaga dasta sama ya ce, "To Hawainiya, mu jira ki, ko mu wuce ki same mu a aji biyu?"

Aji ya kwashe da dariya. Ni ma na yi, don ban san abin da mutum ke yi a irin wannan hali ba in ba dariyar ba. Kafin a fita tara, sunan ya riga ni zuwa waje.

A unguwar Bolori muke zaune, a gidan haya mai ɗakuna takwas da famfo ɗaya a tsakar gida. Iyayena daga kudancin Borno suka zo tun ba a haife ni ba. Baba akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, aikinsa buga takardu, da farko da tafireta, daga baya da kwamfuta. Mama tana ɗinki a gida, ranar Alhamis kuma tana wurin zumuntar mata a coci. A ɗaki yarenmu na Bura muke yi, a tsakar gida Hausa, a kasuwa kuma ɗan Kanurin da bai wuce gaisuwa da ciniki ba. Makarantarmu ta 'yan mata ce ta gwamnati, ta jeka-ka-dawo, kuma a ƙasa nake zuwa.

Gaskiya ne ina da nawa wajen rubutu. Nakan damƙe biro kamar zai tsere, har yatsana na tsakiya ya yi kanta, kafaɗata ta riƙa ciwo kafin a kai darasi na uku. Kowane harafi sai na yi tunaninsa kafin in zana shi. A firamare ba wanda ya damu, tunda rubutun ba yawa. A sakandare ne aka fara cika allo, a goge, a sake cikawa.

Malamar Turanci ta ɗauki sunan, malamin tarihi ya ɗauka, har mai gadin ƙofa idan na makara yakan ce ai ba laifina ba ne, halitta ce. A ƙarshen zango, a katin sakamako, wurin da malamar aji ke rubuta ra'ayinta, kalma ɗaya aka sa da Turanci, ma'anarta mai nawa. Zango na biyu aka ƙara mata "ƙwarai". Wata yarinyar gidanmu da muke makaranta ɗaya ta kawo sunan gida. Mama ta ji ya ba ta dariya, ta riƙa kirana da shi cikin so, tana ƙarawa da cewa sannu ba ta hana zuwa. Har yau ba na son wannan karin magana, don na san ragowarta: sai dai a daɗe ba a je ba.

Abin da nake so a gane shi ne, kafin wannan rana ni ba mai nawa ba ce a komai sai rubutu. Ni ake aike idan ana son ƙosai ya iso da zafinsa. Ni ke fara haddace ayar mako a makarantar Lahadi. A firamare na sha cin tseren gudu. Amma cikin shekara guda duk wannan ya zube. Da aka zo neman masu gudu na ƙi ba da sunana, don na riga na ji a kunnena yadda fili zai ɗauka idan aka ce ga Hawainiya a layi. Idan malami ya yi tambaya, amsar takan zo mini nan da nan, sai in ce a raina ba zai yiwu in riga sauran ba, lallai akwai abin da ban gane ba. Kafin in gama wannan shawara, wata ta faɗi abin da ke bakina. Har tafiyata ta canza. Mama ta ce na fara jan ƙafa kamar mai tsohon ciki.

A jarrabawa kuwa, da na saba ba na gamawa, sai na daina neman gamawa. Takarda na zuwa zan zaɓi tambaya biyu ko uku a shafin farko, bayan takardar ko juyawa ba na yi. Haka nake tsallakewa da ƙyar kowace shekara, ba ni ce ta ƙarshe ba, amma ina jin numfashinta a ƙeyata.

Abokiyar zamana a benci 'yar Kanuri ce daga unguwar Dala, hannunta kamar keken ɗinki. Takan gama kwafa ta turo mini littafinta ba tare da ta kalle ni ba. Lokacin tara kuma, muna cin soyayyiyar fara da yaji a gindin bishiya, ni nake yi mata bayanin abin da ta kwafa. Ta sha gaya mini cewa na fi ta ganewa. Ban taɓa yarda ba. A wurina maganar ƙawa alheri ce kawai. Maganar malami kuwa hukunci ce, da jan biro aka rubuta ta, Baba kuma ya sa hannu a ƙasa.

Ita ce ta jefa ni ajin kimiyya. Bayan mun gama aji uku aka zagayo da takarda, kowacce ta rubuta ɓangaren da take so. Malamar ajinmu ta riga ta ba ni shawara in nemi inda ba a cika wahala ba, kuma na amince. Da takardar ta iso bencinmu, ƙawata ta rubuta sunanta a layin kimiyya, ta rubuta nawa a ƙarƙashi, ta miƙa wa na baya kafin in buɗe baki. Na yi fushi da ita kwana biyu. Na yi niyyar zuwa ofis in gyara, amma kunyar tsayawa gaban mataimakiyar shugabar makaranta ta hana ni. Da haka na zauna.

Malamin kemistiri dattijo ne ɗan Yerwa, wato tsohon garin Maiduguri, dogo, siriri, ba ya rabuwa da hula zanna, kuma da wani tsohon keke yake zuwa wanda yake jinginawa a bayan ɗakin gwaje-gwaje. Hausarsa irin ta tsofaffin Kanuri ce, wani lokaci ya ce wa mace "kai", mu yi ta danne dariya. Ba ya wasa da ɗalibai, ba ya kuma duka. Kowacce da cikakken sunanta yake kiranta, har da na uba, kamar mai kiran shaida a kotu. Mun ɗauka mai tsanani ne, kuma ba mu yi kuskure sosai ba.

Da ya dawo mana da takardun gwajin farko, makina da kaɗan ya wuce rabi, kamar yadda na saba. Amma a ƙasa ya yi rubutu da siririn hannunsa: "Uku kika amsa, ukun duka daidai. Ina sauran?" Na karanta na ji kamar an tona mini asiri. Na ninke takardar na cusa a jaka.

Washegari ya tsayar da ni bayan darasi ya sake yin tambayar da baki. Na sunkuyar da kai na ce, "Malam, ai ni ce Hawainiya."

Ya ce, "Wa ya ce?"

Na ce kowa.

Ya kalle ni ya ce, "Ni takarda na tambaye ki. Ban tambaye ki dabba ba." Ya sa na fito da takardar, ya juya bayanta, ya nuna tambaya ta huɗu ya ce in amsa da baki. Na amsa. Ya nuna ta biyar, na amsa rabi. Ya kaɗa kai ya ce in tafi. Bai yabe ni ba, bai kuma ce komai game da abin da ya gani ba. Na fita ina jin haushinsa, ban san dalili ba.

Bayan 'yan makonni aka shigar da mu ɗakin gwaje-gwaje. Kayan aiki kaɗan ne, sai aka raba mu goma-goma a kan tebur ɗaya. Aikin ranar shi ne a cika wani dogon bututun gilashi mai ɗan famfo a ƙasa, a riƙa sako ruwan magani ɗigo-ɗigo cikin kwalba har ruwan kwalbar ya canza launi. Ƙa'idar ita ce hannun hagu ke riƙe famfon, na dama yana juya kwalbar. Nan aka sha fama. Wadda ta buɗe sai ruwa ya zubo gaba ɗaya, wata ta kasa rufewa, ƙawata mai saurin hannu ta ɓata awo har sau uku tana tsaki. Ni ce ta ƙarshe, kamar kullum. Na ɗora yatsuna a kan famfon, sai na ji kamar sun san wurin. Na sako ɗigo, na tsayar, na sake sako rabin ɗigo, ruwan ya juya ruwan hoda mai haske ya tsaya a haka. Ban san Malam yana bayana ba sai da na ji ya ce, "Ngəla." Wato da kyau. Ya ce in sake. Na sake, awon ya fito daidai da na farko.

Da aka tashi ya ce in tsaya in taya shi wanke kwalabe. Muna cikin wankin ya tambaye ni, kamar ba da wata manufa ba, da wane hannu nake zura zare a allura. Na ce da dama. Ya ce to, ya ci gaba da ɗauraya. Can ya miƙo mini murfin kwalba, ya sake shi tun ban karɓa ba, na cafe kafin ya kai ƙasa. Muka kalli hannun da ya cafe, ni da shi.

A nan na gaya masa abin da ni kaina na kusa mantawa. Bahaguwa aka haife ni. Da na shiga aji ɗaya na firamare da hagu na ɗauki fensir, malamarmu ta riƙa buga mini rula a bayan hannu har na daina. A gida ma kakata, lokacin tana da rai, ta sha ɗaure mini hannun da ɗankwali idan za a ci abinci. Na tashi da sanin cewa hagu abin kunya ne, sai na ɓoye shi. Idan ba kowa, da shi nake tsifa, da shi nake yanka albasa, da shi nake jifa. Amma ban taɓa haɗa wannan da nawar rubutuna ba. An riga an gaya mini dalilin nawata, ban ga abin nema ba kuma.

Ya ba ni alli ya ce in rubuta sunana a allo da hagu. Rubutun ya fito manya-manya, a karkace, kamar na 'yar shekara biyar. Kunya ta kama ni. Amma na lura da abu ɗaya, ban yi tunanin haruffan ba, kuma kafaɗata ba ta ɗaure ba.

Malam ya daɗe yana duban allon. Ya ce, "Ban ce wannan ne duka matsalarki ba. Ban sani ba. Amma mu gwada mu gani."

Mama ce ta ƙi. Ta ce ba za a mayar mata da 'ya baya ba bayan wahalar da aka sha, mutane za su ce ba a ba ni tarbiyya ba, wata rana in manta in miƙa wa surukai abu da hagu. Baba kuwa dama ba mai ja da Mama ba ne a kan sha'anin yara. Na koma na gaya wa Malam an hana. Ya tambayi kwatancen gidanmu.

Ranar Asabar da hantsi sai ga shi da kekensa a ƙofar gida. Lokacin gari ya fara rikicewa, mutane sun fara kallon juna da gefen ido, ba kasafai dattijo irinsa ke sallama a gida irin namu ba in ba da dalili ba. Maƙwabta suka yi ta leƙe. Baba ya fito da benci suka zauna a inuwa, Mama ta kawo ruwa da kunun gyaɗa ta koma bakin ƙofa ta tsaya, ni kuma ina bayan labule. Sun daɗe suna gaisuwa, ta gida, ta aiki, ta zafi. Da ya zo kan magana bai yi dogon bayani ba. Ya ce a gidansa ma ba mai ci da hagu, ba mai gaisawa da hagu, kuma bai zo ya ce a canza wannan ba. In ci gaba da ci da dama, in karɓa da dama, in bayar da dama. Biro kaɗai yake roƙo. Ya ce ya ga yarinya mai riƙe da amsa biyar tana ba da uku, kuma ba ya so ya yi shiru a kai.

Baba ya juya kofinsa a hannu, ya ce shi shekara ashirin yana buga takardu da hannu biyu, ba a taɓa dawo masa da wasiƙa an ce wane harafi hagu ta buga ba. Ban taɓa jin Baba ya yi magana irin wannan a gaban baƙo ba. Mama ta yi ajiyar zuciya daga bakin ƙofa ta ce, "Biro kaɗai fa, Malam." Ya ce biro kaɗai.

Da labari ne da sai in ce daga ranar komai ya gyaru. Ba haka aka yi ba, lalacewa ma ya fara yi. Malam ya sa ni rubuta shafi guda kullum da hagu, in kawo masa da safe. Rubutun ya ƙi kyau. Hannuna yana bin bayan biro yana shafe tawada, gefen tafina kullum shuɗi. A zango na biyu malamar Turanci ta dawo mini da insha'i ta rubuta cewa ba ta karanta tonon kaji. Makina ya yi ƙasa da na da. 'Yan aji suka samu sabon abin dariya, suka ce Hawainiya ta canza launi. Na koma dama a ɓoye har mako biyu, ina yin shafin Malam kaɗai da hagu. Ran nan a aji ya wuce ta gefen bencina, ya dubi hannuna ya ce, "Tafinki ya yi tsabta kwanan nan." Bai ƙara ba. Na mayar da biron hannun hagu.

Sai a zango na uku hannun ya fara sakewa. Da na ji saurin ya zo, sai na haukace da shi. A wani gwaji na amsa tambayoyi biyar duka a karon farko a rayuwata, na miƙa takarda ina jiran yabo. Ta dawo da rubutu a ƙasa: "Biyar kika amsa, biyu daidai. A ta uku kin manta ma'auni. A ta huɗu ba ki karanta tambayar har ƙarshe ba. Ta biyar ki zo mu duba." Na shiga bayan aji na yi kuka. Na ce wa ƙawata mutumin nan ba a iya masa, in yi a hankali laifi, in yi sauri laifi.

Na girma kafin in fahimci abin da yake yi. Shekara uku yana duba takarduna, bai taɓa rubuta mini ko ni wace ce ba. Bai ce mai nawa ba, bai ce mai ƙoƙari ba, bai ce haziƙa ba, ko a ranar da na ci duka. Abin da takarda ta yi yake faɗa, da abin da ya rage ta yi. Idan aka ce kin manta ma'auni, gobe sai ki tuna. Idan aka ce ke Hawainiya ce, gobe me za ki yi? Na ga 'yan ajinmu da aka raɗa wa sunaye masu daɗi, su ma ba su tsira ba. Akwai wadda malamai ke kira Farfesa tun aji ɗaya, ranar da ta faɗi lissafi ta yi sati ba ta zo makaranta ba.

Hannu ya warke kafin zuciya. Muna aji biyar aka shirya gasar kacici-kacici ta kimiyya tsakanin makarantun gari, Malam ya sa sunana cikin uku da za su je. Na same shi na ce ya cire ni, gasar ta masu sauri ce. Ya ce ba zai cire ba, amma ba zai ɗauke ni a ka ba, mota za ta tashi ƙarfe takwas, in na zo na zo. Na zo, ƙawata na riƙe da hannuna kamar za a yi mini allura. Mun yi na uku. Na amsa tambayoyi da dama, amma akwai ɗaya a zagayen ƙarshe wadda na san amsarta tun mai tambaya bai rufe baki ba, na tsaya ina jira, har wata makaranta ta ɗauka. A mota muna dawowa kowa na hira, Malam ya juyo daga kujerar gaba ya ce mini a hankali, "Na ga bakinki ya motsa. Kin sani kafin kowa. Wa kike jira ya ba ki izini?" Na yi ta juya tambayar har muka iso, na kuma yi shekaru ina juya ta.

Daga nan al'amuran gari suka tsananta. Aka rufe makarantu na wani lokaci, Baba ya tura mu ƙauye wurin dangi, na yi watanni ina cika tsofaffin littattafai da rubutu don kada hannun ya manta. Da muka dawo aka haɗa mu da wasu makarantu a wuri ɗaya, aji ya cika har bakin ƙofa, a haka muka zana jarrabawar fita. Ranar kemistiri na gama, na duba, na sake dubawa, na ɗaga kai na ga saura minti ashirin. Ban san abin da ake yi da sauran lokaci ba. Na zauna na ɗora hannuwana a cinya ina kallon bayan kawunan mutane.

Na ci. Na karanci aikin gwaje-gwajen asibiti, yanzu shekaru ke nan ina aiki a ɗakin gwajin wani asibiti a nan cikin gari. Da hagu nake ɗibar jini, kuma tsofaffi masu ɓoyayyiyar jijiya sukan ce a kira musu bahaguwar nan.

Wata rana aka turo mini wani mutum gwajin suga, ya yi furfura, da matarsa a gefe. Ina ɗaura masa roba a hannu ya ƙura mini ido, fuskarsa ta washe, ya ce, "Hawainiya!" Malamin lissafi ne. Da murnarsa ta gaskiya ya faɗa, ya juya yana gaya wa matarsa cewa ɗalibarsa ce, ga ta ta zama ma'aikaciya. Ni kuwa sai na ji kamar ina kan bencin nan ina da shekara goma sha biyu. Na gama aikina, na manna masa auduga, sannan na gaya masa sunana na gaskiya, na ce, "Malam, wancan sunan ya daɗe yana bi na." Na ba shi labarin a taƙaice. Ya ce ya raɗa wa ɗalibai sunaye ba adadi, yana ganin hakan ke sa aji ya yi armashi, bai taɓa zaton wani yana tafiya da shi gida ba. Ya nemi in yafe masa, har sau biyu. Na yafe, kuma ba don kunya ba. Na gaya masa cewa lissafin da ya koya mana da shi nake aiki kullum, wannan ma gaskiya ne.

Malamin kemistiri kuwa ya yi ritaya tun da daɗewa. Ƙawata, wadda yanzu take koyarwa a wata firamare a Dala, ita ta binciko gidansa, muka je tare bayan wata Sallah. Lungunan Yerwa sai da ɗan gari, mun yi tambaya sau uku kafin mu samu. Muka tarar da shi a zaure a kan darduma, ya rame, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya. Matarsa ta yi mana lale da wushe, irin marabar Kanuri, ta kawo burabisko da miyar kuka duk da mun ce mun ƙoshi.

Na faɗi cikakken sunana har da na uba, ya maimaita, ya ce sunan yana kansa amma fuskar ta tafi. Na tuna masa da famfon gilashi, da murfin kwalba, da zuwansa Bolori. Ya saurara kamar ana ba shi labarin wani. Zuwa Bolori kaɗai ya tuna, don kunun gyaɗa, ya ce, da kuma tayar kekensa da ta yi faci a hanyar dawowa, abin da ban taɓa sani ba. Na shirya dogon jawabin godiya tun daga gida, amma ban yi shi ba. Na ce dai na gode, Allah ya saka. Ya ce, "'Yata, ni ban ba ki komai ba. Dubawa na yi."

Daga nan ya kau da maganar. Ya tambaye ni yadda muke gwajin jini yanzu, na ce yawanci inji ke yi, mu zuba mu danna ya fitar da takarda. Abin bai yi masa daɗi ba. Ya ce to idan injin ya yi ƙarya wa zai sani? Na yi masa bayanin yadda muke gwada injin kowace safiya da ruwan da muka riga muka san awonsa. Ya sa na maimaita, ya yi tambaya biyu masu wuya, ɗaya ban iya amsawa ba, na ce zan duba in dawo masa da ita. Ya ce to, yana jira.

Da muka tashi tafiya matarsa ta turara mana gyale da turaren wuta. Shi kuma ya lalubi sandarsa ya ce sai ya raka mu. Muka ce ya zauna, ya ƙi. Ya taka da mu har bakin lungu, ƙawata na gefensa suna Kanuri, yana gyara mini nawa duk lokacin da na sa baki. Ya tsaya a nan riƙe da sanda har muka samu keke napep muka hau.